Jinin Sauro

Ran nan da dare a Kongo-Rasha, cikin Jos, na kashe sauro a hannuna, sai ƙanena ya ce, "Yaya, dubi jininsa!" Ba nasa ba ne, nawa ya sha. Jinin sauro ba ja ba ne, gama ba ya ɗaukar iska kamar namu.

Amma akwai ƙwayoyi iri uku a cikinsa. Mafi yawa su ne masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Waɗansu sukan sa baƙin abu ya lulluɓe baƙuwar ƙwaya har ta mutu. Na ukun ƙanana ne ƙwarai. Duk da tsaron nan, ƙwayar zazzaɓi, wadda Likita Ross ya gani cikin tumbin sauro a 1897, takan kuɓuce musu ta kai yawunsa, daga nan kuwa sai jikin mutum.