Yadda Ake Auna Littafin Jagorar Fihirisa Kafin A Damƙa Wa Na'ura Rumbun Bayanai

Kamfanoni da dama a duniya sun fara ɗora wa manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira aikin kula da rumbunan bayanansu. Waɗannan manhajoji, da ake kira wakilai, su ne ke karanta littafin jagorar kayan aiki, su rubuta umarni, sa'an nan su zartar da shi da kansu. Saboda haka duk gargaɗin da littafin ya bari a duhu yana iya zama asarar kuɗi ga mai kamfani.

Ɗaya daga cikin ayyukan da ake ba su shi ne gina fihirisa. Kamar yadda fihirisar littafi ke kai mai karatu shafin da yake nema kai tsaye, haka fihirisar rumbun bayanai ke sa na'ura ta gano asusun mutum ɗaya cikin miliyoyi ba tare da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Amma tana cin wurin ajiya, kuma tana rage saurin shigar da sababbin bayanai, domin kowane sabon ciniki sai an rubuta shi a cikinta ita ma.

Manhajar PostgreSQL, wadda ta samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, kuma ake samun ta kyauta, kyakkyawan misali ce wajen nuna ma'aunai huɗu da ake auna littafin jagora da su.

Ma'auni na farko shi ne ko gargaɗi yana tare da umarnin da ya shafa. Umarnin CREATE INDEX yana hana shigar da bayanai ko gyara su a jadawalin da ake gina wa fihirisa har sai ya gama, kuma a babban jadawali aikin yana iya ɗaukar sa'o'i. Ga shago ko banki, wannan na nufin tsayawar ciniki. Tun shekarar 2006 manhajar ta samar da kalmar CONCURRENTLY, wadda ke barin ciniki ya ci gaba yayin ginin. Ɗan Adam yakan karanta babi sukutum, amma sau da yawa guntun shafi kawai ake ɗebo wa wakili. Littafin PostgreSQL ya ajiye wannan bayani a shafin umarnin kansa, abin da ke rage haɗarin.

Na biyu shi ne bayanin abin da ke faruwa idan aiki ya lalace. Littafin ya bayyana cewa idan ginin da ake yi da CONCURRENTLY ya katse, zai bar fihirisa marar amfani wadda ba a bincike da ita, amma tana ci gaba da nauyaya rumbun. Ya kuma faɗi magani, wato a goge ta a sake ginawa.

Na uku shi ne bambance zubi da zubi. Sake gina fihirisa ba tare da tsayar da ciniki ba, ta hanyar REINDEX CONCURRENTLY, bai zo ba sai a zubi na 12 da ya fito a 2019. Wakilin da ya karanta sabon littafi alhali kamfani na kan tsohon zubi zai rubuta umarnin da ba zai yi aiki ba. PostgreSQL tana ajiye littafi daban ga kowane babban zubi.

Na huɗu shi ne raba umarnin dubawa da na aikatawa. EXPLAIN yana nuna hanyar da na'ura za ta bi ne kawai, amma EXPLAIN ANALYZE yana zartar da umarnin da gaske, ko da na gogewa ne. Littafin ya yi gargaɗi a kan haka, ya kuma nuna yadda za a yi gwajin a mayar da kome yadda yake.

Bugu da ƙari, ana duba siffar littafin. A watan Satumba 2024, Jeremy Howard ya ba da shawarar a riƙa ajiye wani fayil mai suna llms.txt, wanda ke jera muhimman shafuka cikin sauƙaƙan rubutu domin irin waɗannan manhajoji. Shawara ce ba doka ba, kuma samuwar fayil ɗin ba ta tabbatar da ingancin abin da ke ciki.

Kyawun littafi kuwa ba ya ɗauke nauyin sa ido. A watan Yuli 2025, wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani abokin hulɗarsa duk da an hana shi taɓa kome, har shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

Don haka, kafin mai kasuwanci ya amince, ya kamata ya sa ma'aikatansa su ba wakilin kwafin rumbun da littafin jagorar, su umarce shi ya gina fihirisa a lokacin da ake kwaikwayon ciniki, su kuma katse aikin da gangan. Idan ya tsayar da ciniki, ko ya bar lalatacciyar fihirisa bai sanar ba, to bai kai a ba shi rumbun gaske ba tukuna.