Idan Ƙwayar Hana Barci Ta Juya Kan Yaro

Idan yaro ya soma sambatu yana cewa ana bin sa, tambayar da nake so uwa ta fara yi ita ce: yaushe rabonsa da barci? A yi ta kafin a ambaci aljanu ko sammu.

Akwai magungunan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, irin su Ritalin da dangin amfetamin, waɗanda likita ke rubuta wa masu larurar rashin natsuwa. Sai ɗalibi ya karɓa a hannun aboki don ya kwana yana karatun jarrabawa, direban babbar mota ya haɗiyi makamancinsu don ya kai Legas ba tsayawa. Magungunan suna ƙara sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. In aka wuce kima, ga kwanaki ba runtsawa, sai zargi ya shigo. Yaro yana jin muryoyi, yana leƙen taga, yana susa wai ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa.

Abin da ke ci min rai shi ne taron dangin da ake yi masa. Ana ihu, ƙarti sun danne shi, wani ya ɗauko igiya, alhali tsoro ne ya cika shi, kuma a wurinsa tsoron na gaske ne. Mutum guda da ya amince da shi ya isa. Ya zauna, ya sassauta murya: “Ɗana, ga ni nan, ba mai taɓa ka.” Ban da musu a kan abin da yake ji. A kawar da wuƙa da tabarya, a ba shi ruwa, kada a sayo maganin barci a kemis.

In jikinsa ya yi zafi rau, ko ƙirji na ciwo, ko ya soma jijjiga, sai asibiti mafi kusa nan take, da kwalin maganin a hannu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a ba ta hana zuwa can. Gidan mari kuwa, kada a kai shi can; mun ga abin da aka bankaɗo a na Rigasa a 2019.

Bayan ƙwayar ta sake shi, zai yi ta barci, jiki a mace, baƙin ciki ya lulluɓe shi. A nan iyaye ke sakin jiki, a nan kuma haɗarin kashe kai ke ƙaruwa. Kada a bar shi shi kaɗai. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya amsa da eh, a mayar da shi wurin likita a ranar.