Injin Yankan Ciyawa: Mai Fetur Ko Mai Batir?

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ta Gana ya san ranar da ake cewa kowa ya zo da addarsa. Da damina ta kankama, ciyawa ta rufe filin ƙwallo, sai a jera yara tun da sassafe, ana sara ana kwashewa har lokacin darasin farko ya wuce. Mu ma haka muka tashi, haka kuma muka riƙa sa ɗalibanmu, har ranar da wani yaro ɗan aji biyar ya sari ƙafarsa, muka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki. A taron iyaye da malamai da ya biyo baya, iyaye suka ce ba su kawo 'ya'yansu noma ba. Aka yi karo-karo don sayen injin yankan ciyawa, aka danƙa kuɗin a hannunmu, mu malamai uku. To, kuɗin jama'a ne, akwai na mai sayar da koko a ciki, akwai na ɗan dako, saboda haka ba mu da halin yin kuskure.

Nan take gardama ta tashi tsakaninmu. Ƙaraminmu, malamin kimiyya, ya dage a kan mai batir. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. A 2021 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta nufi hana sayar da sababbin ƙananan injuna masu fetur, ciki har da na yankan ciyawa, daga ƙirar 2024 zuwa gaba, saboda hayaƙi. Kamfanin Honda ma ya daina ƙera masu fetur a masana'antarsa ta Amurka a 2023. Ya ce duniya ta juya, don me mu za mu sayi abin da masu shi suke yasarwa? Muka ce masa Kalifoniya daban, Kumasi daban. Ba mu manta da ɗauke wutar da 'yan ƙasa suka sa wa suna dumso ba, wadda ta fi tsanani a 2015. Kuma cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato ya ɗara murabba'in mita dubu bakwai. Namu bai kai haka ba, amma ba tsakar gida ba ne. Biyu suka rinjayi ɗaya, muka sayo mai fetur.

Daminar farko ya yi aiki babu laifi. Rani ya shigo, ciyawa ta bushe, aka tura shi ɗakin ajiya aka rufe. Da ruwa ya sauka a watan Afrilu muka fito da shi, aka ja igiya, aka ja, aka ja, har kafaɗar maigadi ta ƙage, inji ko tari bai yi ba. Kunya ta kama mu, don kuwa iyaye suna kallo.

Muka ɗora shi a bayan mota zuwa wurin wani bakanike a Suame, inda kusan babu ƙarfen da ba a san maganinsa ba. Bai yi minti goma ba ya kwance kafireta ya miƙo mana, ya ce, "Malamai, ku sansana." Fetur ɗin da muka bari a tanki wata huɗu ya lalace, ya daskare kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Ya ce fetur ba ruwan randa ba ne, in ya wuce wata guda a zaune sai ya fara sauyawa. Ya buɗe matatar iska, ƙurar hunturu ta cika ta taf. Baƙin mai kuwa tun ranar da aka sayo injin ba wanda ya canza shi, alhali littafin da ya zo da shi, wanda ba mu karanta ba (mu da muke faɗa wa yara su yi karatu!), ya ce a canza bayan awa biyar na farko, daga nan kuma duk awa hamsin ko sau ɗaya a shekara. Ya wanke kafireta, ya sa sabon fulogi, ya wasa wuƙa, inji ya tashi a ja na biyu. Abin da muka biya bai taka kara ya karya ba.

Ya ƙara mana da gargaɗi biyu. Na farko, kada a taɓa wuƙar sai an cire wayar fulogi, domin juya ta da hannu kan iya tayar da inji. Na biyu, in za a kifa shi don wanke ƙasansa, a bar gefen matatar iska yana sama, in ba haka ba baƙin mai ya kwarara cikinta. Game da ƙaramin injin da ake ratayawa a kafaɗa don yanke ciyawar gefen katanga, wanda ake gauraya masa mai da fetur, ya ce a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa. In an ce 50 da 1, to mililita 100 ne na mai a lita biyar ta fetur, ba a aunawa da ido.

Bayan shekara guda sai ga mai batir ya zo mana har gida. Wani uba ne ƙanensa ya aiko masa da shi daga Amurka, wanda aka taɓa amfani da shi, shi kuma ya ba makaranta kyauta. Gaskiya a faɗe ta, malamin kimiyya yana da gaskiyarsa. Maɓalli kawai ake dannawa. Babu igiya, babu baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta, ƙararsa kuma ba ta hana darasi a ajin da ke kusa. Sai dai ranar farko muka tafka ɓarna. Abin cajinsa an yi shi ne don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Aka soka shi a bango, sai ƙauri. Duk mai sayen kayan da suka sauka a Tema daga can, ya duba rubutun da ke bayan abin cajin kafin ya soka, in 120 kaɗai aka rubuta sai ya nemi taransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Da muka samo wani abin cajin, sai matsala ta biyu ta bayyana. Irin wannan inji, ko sabo ne, yawanci caji ɗaya ba ya wuce rabin awa zuwa awa guda, in ciyawa ta yi tsawo ko tana da jiƙa kuma ya fi saurin ƙarewa. Namu tsoho ne, kafin a gama kusurwa ɗaya ta fili ya mutu. Batir ɗin litiyam yana raguwa da kowane caji, zafi kuma babban maƙiyinsa ne, ɗakin ajiyarmu kuwa rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Da muka koma Suame, bakaniken nan ya juya batir ɗin ya sake juyawa, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Kowane kamfani da irin bakin batir ɗinsa, na wani ba ya shiga na wani, sabo kuma sai an yi odarsa daga waje da kuɗin da ya kusa sayen rabin inji.

Ga inda muka tsaya, kuma shi muka faɗa wa iyaye. Mai fetur yana yawan ciwo, amma ciwonsa ƙanana ne, likitansa kuma yana nan cikin gari. Mai batir ba ya yawan ciwo, amma ran da ya kwanta ba mu da mai tashe shi. Wanda ke da 'yar ciyawa a ƙofar gida ko harabar masallaci, mai batir sabo ya fi masa sauƙi, muddin ya tabbata mai shagon yana sayar da batir ɗin daban, ya ajiye shi a inuwa, kada kuma ya sa shi caji yana da zafi daga aiki. Mai waya da ake sokawa a bango ba mu ba kowa shawararsa a filin da yara ke gudu ba, balle ciyawa da raɓa.

Mu dai mai fetur ke yanke filin ƙwallo, mai batir kuma gaban ofishin hedimasta, gwargwadon numfashinsa. Mun ɗora alhakin duka biyun a kan maigadi shi kaɗai, an hana yara taɓawa, sai dai su tsince duwatsu kafin a fara, don dutse ɗaya kan iya lanƙwasa sandar da wuƙa ke kai. Mun rataya littafi a ƙusa bayan ƙofar ɗakin ajiya, ana rubuta awowin aiki da ranar canjin mai. A ƙarshen Nuwamba, in ruwa ya ɗauke, za a bar injin ya yi ta aiki har fetur ɗin tanki ya ƙare ya mutu da kansa, sannan a rufe shi da buhu.