Me Ya Sa Kullum Sai a Waƙar Ƙarshe?

Wata Asabar cikin Disamba, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da Bauchi har ba a hango su, Kawu ya kira ni ya ce in zo Fadaman Mada yanzu-yanzu. Na same shi a falo ya yi tagumi gaban na'urar CD ɗin da muka sayo tare wata huɗu da suka wuce. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, an cuce mu."

Kawu tsohon malamin makaranta ne, mutum mai kunne. Faifansa sun kusa 200: karatun Husari da Minshawi da ya zo da su daga aikin Hajji, waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da wasu na Ali Farka Ture da wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa daga Ingila. Yana da amfilifaya mai kyau da lasifika biyu tun lokacin da yake aiki, amma abin da yake sa faifan a ciki wani ɗan DVD ne mara nauyi, wanda ya ce yana mayar da kuntigi kamar ana kaɗa gwangwanin madara. Da kuɗin sallamarsa suka fito, ya ce sau ɗaya a rayuwa zai sayi abin kirki.

A cikin Agusta muka je wurin wani mai sayar da kayan Beljiyam. Ya fito mana da na'ura uku. Ta farko a bayanta an rubuta 100V, wato an yi ta ne don wutar Japan. Ta biyu 120V, ta Amurka. Tamu wutar 230 ce, duk wadda ka jona kai tsaye cikin biyun nan sai hayaƙi. Ta ukun ita ce ta dace da wutarmu, baƙa, mai nauyi kamar an cika ta da ƙarfe, kuma ba ta san komai ba sai CD. Mai shagon ya sa faifansa, sauti ya fito garau, Kawu ya lumshe ido. Muka biya kuɗin da ya kusa sayen babur na hannu. Faifan mai shago muka gwada, ba mu je da namu ko ɗaya ba.

Ƙorafin Kawu ranar Asabar ɗin nan ba ɗaya ba ne. Wasu faifan tun ranar farko na'urar ta ƙi su, sai ta rubuta cewa babu faifai a cikinta; ya yi shiru da wannan don kada in ji ba daɗi. Wasu kuwa da suna yi lafiya, yanzu sun fara tsalle. Abin da ya fi ɗaure masa kai, tsallen ya fi yawa a waƙoƙin ƙarshe. "Kuma ga wancan ɗan banzan DVD," in ji shi, "duk abin da ka ba shi sai ya haɗiye."

Na ce mu zube faifan duka a kan darduma mu gwada su ɗaya bayan ɗaya. Muka yi wuni a kai, ban da tashi salla. Kafin la'asar mun yi tuli uku: waɗanda ke yi ba matsala, waɗanda ke tsalle, da waɗanda aka ƙi gaba ɗaya.

Tuli na uku bai ba mu wahala ba. A bayan kwalin ɗaya na ƙirga waƙa 86. Faifan CD na sauti ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, don haka duk wanda ka ga an jera masa waƙoƙin awa goma, MP3 ne, wato faifan kwamfuta da aka matse sautin a ciki. Sauran kuwa VCD ne, masu hoto, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu a shekarun da finafinan Kano ke tashe. Na'urar Kawu an gina ta ne a kan ƙa'idar da Philips da Sony suka tsayar a 1980, kafin CD ya shiga kasuwa a 1982, kuma wannan harshen kaɗai take ji. Ba lalacewa ta yi ba. Kashi ɗaya cikin uku na dukiyar Kawu dai ba abincinta ba ne, kuma da mun je shago da faifai biyar daga gida da mun gane haka cikin minti goma.

Tuli na biyu shi ne aikin. Kawu ya rantse wuta ce, domin da yamma fanka ma sai ta riƙa juyi kamar mai jin barci. Zargin yana da tushe, sai muka cire na'urar daga bango muka jona ta a batirin solar gidan, inda wutar ba ta hawa ba ta sauka. Tsalle yana nan. Wuta ta fita daga zargi.

Sai na ɗauko takarda na fara rubuta mintin da kowane tsalle ya faru, ina duba lambobin da ke fuskar na'urar. Kowane faifai sau biyu. Nan abu ya fara fitowa fili: tsallen iri biyu ne. Akwai mai yawo, yanzu a minti 12, anjima a minti 30. Akwai kuma mai zama wuri guda, duk sanda ka maimaita sai a daidai wannan daƙiƙar. Hankali ya ba ni cewa ciwon da ke zaune wuri ɗaya a jikin faifai yake, mai yawo kuwa ko a na'ura ko a ɗaki.

Mai yawon na fara bi. Na lura ya fi zuwa idan kalangun Shata ya ɗau zafi kuma Kawu ya ƙara murya. Na ɗora tafin hannu a kan na'urar, sai na ji tana rawa. Ashe ita da lasifika ɗaya a kan katako guda suke. A cikin milimita ɗaya na faifai akwai layuka fiye da 600, kuma hasken leza dole ya bi layi ɗaya tak yayin da faifan ke juyawa. Girgiza kaɗan ta isa ta jefa shi layin maƙwabci. Muka sauke lasifikar ƙasa, muka ba na'urar teburinta. Tsallen ya ragu sosai, amma bai mutu ba.

Ina mayar da wani faifai kwalinsa sai idona ya kai ga cikinsa. Shuɗi-shuɗi ne. Na kifa sauran na tulin: wasu kore-kore, wasu ruwan zinariya. Na kifa na tuli na farko, na Madina da na Ingila: fari ƙal kamar azurfa. To, ga bambanci. Faifan kamfani ana buga shi ne da injin matsi, ramukan sautin a jikin robar suke, an shafe su da alminiyam mai mayar da haske sosai. Wanda aka kwafa a shago kuwa, CD-R, wani rini ne a ciki da leza ke ƙonawa, hasken da yake mayarwa bai kai na wancan ba, kuma rana da zafi suna cin rinin a hankali. Mafi yawan abin da ke hannun mutane na Shata da Ɗanƙwairo irin wannan ne, daga kaset aka juye su. Wannan abu yana yi mini ciwo: mawaƙan da suka fi kowa daraja a wurinmu su ne muka adana a kan mafi raunin faifai.

Amma Kawu ya kawo hujjar da ta tsayar da ni. "Waɗannan ɗin dai su ne na saurara a Agusta da Satumba, ba su yi tsalle ba. Rinin ne ya tsufa cikin wata huɗu?" Gaskiyarsa. Faifan ba su canza ba. Mene ne ya canza tsakanin Agusta da Disamba? Na dubi taga, na shafa saman na'urar da yatsa, yatsan ya fito fari.

Ranar Litinin muka kai ta wurin wani mai gyaran rediyo a wajen Kasuwar Wunti, dattijo mai tabarau. Ya kwance murfin, ya haska tocila a kan wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba. "Alhaji, ga idonta nan. Dubi yadda ya yi hazo." Ya ce na'urar da aka yi don ɗakunan Turai ba ta san hunturu ba, duk buɗe tire ɗaya ƙura ce ke shiga, ga kuma ramukan shan iska. Hasken yakan ratsa gilashin nan sau biyu, da fita da dawowa, don haka ƙura kaɗan asara biyu take jawowa. Faifan kamfani yana da rarar haske, sai ya tsallake; wanda aka kwafa dama a bakin gaɓa yake, shi ne ke fara faɗuwa. Ya ɗan jiƙa auduga da sifirit, ya taɓa idon a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli, ya hure wurin da 'yar robar busa. Ya gargaɗe mu kada mu bari kowa ya murɗa ƙarfin lezar don ta ƙara gani, domin hakan yana ƙone ta da wuri, kuma idon tsofaffin na'urori irin wannan ba kullum ake samunsa ba ko a Kano.

Muka dawo gida, tsalle mai yawo ya ɓace ɗungurum. Saura mai zama wuri guda, a faifai tara, kuma dukkansu a ƙarshe.

Wannan ban gano shi da wayona ba, Kawu ne ya nuna mini ba da saninsa ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin taran, ya huro masa iska, ya kama gefen rigarsa yana goge wajen ramin tsakiya, yana zagayawa. Na ce, "Kawu, me ya sa nan kake gogewa?" Ya ce, "Ai nan waƙar ƙarshe take." Mutumin da ya girma da garmaho ne, inda allura ke sauka a baki ta gangara tsakiya. CD kuwa akasin haka yake: daga tsakiya yake farawa ya nufi baki, yana juyi kusan 500 a minti a farko, ya sauko wajen 200 a ƙarshe. Waƙar ƙarshe tana bakin faifai, inda yatsu ke kamawa, inda yake gogar tebur, inda kuma ya fi lilo idan ya ɗan tanƙware. Shekara da shekaru Kawu yana wanke inda ba datti, ya bar inda dattin yake.

Zagayen da yake yi da riga ma ɓarna ce. An yi wa CD dabarar gyara kuskure wadda ke iya cike giɓin da ya kai kusan milimita biyu da rabi a tsawon layi. Ƙarzanen da ya ratsa daga tsakiya zuwa baki ɗan kaɗan yake ci a kowane layi, na'ura ta cike ba ka ji ba. Wanda ya bi zagaye kuwa tare da layin yake tafiya, ya share abin da ya fi ƙarfin gyara. Muka wanke taran da ruwa da ɗan sabulu, muka share da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa waje. Takwas suka warke.

Game da ɗan DVD da Kawu ke yabo cikin fushi, ba wani abin mamaki ba ne. An yi shi ya san harsuna da yawa, kuma irinsa sukan karanto gaba su tara kafin su fitar. Tsohuwar na'urar sauti tana karantawa ne tana fitarwa nan take. A ganina duk da haka Kawu bai yi asarar kuɗinsa ba. Wanda ya ji Husari ta cikinta, ya ji numfashinsa tsakanin aya da aya, ba zai koma wa DVD ba. Sai dai da yau za mu sake saye, zan nemi wadda ke karanta CD-R da MP3, kamar yadda da yawa daga sababbin Marantz da Yamaha ke yi, in tambayi ko ana samun idonta, sannan in yi maganar nauyi da suna. Kuma kafin ta shiga gida sai an ɗinka mata riga.

Faifai na tara, wanda wanki bai warkar ba, shi ne wanda Kawu ya fi so duk cikin ɗakin. Muryar mahaifinsa ce, kakana, yana karanta Ishiriniya a wani Mauludi, an ɗauka a kaset a 1984, aka juye a CD shekaru da dama da suka wuce. Cikinsa sumul yake, ba ƙarzane ko ɗaya, amma a minti 68 sai ya tsaya cak. Muka sa a DVD, shi ma a nan ya tsaya. Na juya shi na sake juyawa, na rasa abin cewa. Sai na fita tsakar gida na ɗaga shi sama ina kallon rana ta cikinsa.

Haske ya ɓullo ta wasu 'yan ƙananan huji a jere, kusa da baki. Na juyo bayansa: daidai wurin Kawu ya rubuta shekara da sunan unguwa da biro, ya danna sosai don rubutun ya kama. Kowa cikin faifai yake tsoro, alhali ta nan robar tana da kaurin milimita 1.2 tana kare sautin. Ta bayan, inda ake rubutu, abin da ke tsakanin bakin biro da sautin ɗan fenti ne da bai kai kaurin gashi ba. Abin da aka huda ta nan babu wanki ko gogewa da zai dawo da shi.

Na miƙa masa, ya ɗaga ya duba da kansa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Da hannuna." Na ce masa babu wanda ya taɓa gaya masa, kuma alƙalami mai laushin baki da aka yi don wannan aiki ba kowane shago ke da shi ba.

A daren na sa faifan a kwamfuta, wadda ke iya komawa ta sake karanta wuri ɗaya sau da yawa. Ta ceto minti 68 cif, da gutsattsarin abin da ya biyo baya. Na yi kwafi uku, ɗaya a filashi, ɗaya a wayar Kawu, ɗaya na aika wa Gwaggo a Azare. Kaset ɗin asali an neme shi a gidaje uku ba a gani ba. Minti shida na ƙarshe, inda kakana ke rufewa da addu'a, yana ambaton 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sun tafi.