Abin da ciwon bayan Tiger Woods ke koya wa masu wasan golf

A watan Afrilun 2017, likitoci a Amurka suka yi wa Tiger Woods tiyata ta huɗu a bayansa, inda suka haɗe ƙasusuwa biyu da ke can ƙasan gadon bayan nasa. A lokacin, ko tafiya ba ya iya yi cikin daɗi, kuma kafin ƙarshen shekarar ya faɗo zuwa na 1,199 a jerin gwanayen golf na duniya.

Shekara biyu bayan nan, a Afrilun 2019, ya lashe gasar Masters yana da shekara 43. Ita ce babbar gasa ta 15 da ya ci, kuma ta farko tun 2008.

Tsakanin tiyatar da wannan nasara, ya shafe watanni a hannun likitocin gashin ƙashi, yana sake koyon yadda zai juya jikinsa ba tare da ya fama ciwon ba.

Me ya sa baya ke shan wahala?

Wanda ke kallo daga nesa zai ɗauka golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasan hutu ne. Amma idan ƙwararre ya kai duka, kan sandarsa kan yi gudun da ya haura kilomita 170 a awa ɗaya, kuma yakan maimaita hakan sau ɗaruruwa a wajen atisaye, kullum ta ɓangare guda.

Ƙarfin dukan daga ƙafafu yake tasowa, ya bi ta kwatangwalo da ƙirji, kafin ya isa hannu. Kwatangwalo da bayan da ke daidai ƙirji su aka halitta don juyawa. Kwankwaso kuwa ɗan kaɗan yake iya murɗawa.

Idan kwatangwalo ya sage, kamar yadda yake faruwa ga mai yawan zama a ofis ko mota, sai kwankwaso ya ɗauki aikin da ba nasa ba. A hankali guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya fara lalacewa, har ya danne jijiya, ciwo ya sauka ƙafa. Shi ya sa ciwon kwankwaso ya fi kowane rauni addabar masu wannan wasa.

Aikin likitan gashin ƙashi

Likitan ba ya tsayawa kan inda ke ciwo kawai. Yakan gwada yadda mutum ke tsugunawa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da juya ƙirji yayin da ƙugu ke tsaye. Daga nan yake gano gaɓar da ta sage da tsokar da ta yi rauni, ya tsara motsa jikin da zai saki ta farko, ya ƙarfafa ta biyu, musamman tsokokin ciki da na mazaunai.

Amfanin bai tsaya ga lafiya ba. Jikin da ke juyawa sosai ya fi tura ƙwallo nesa, kuma dukan ya fi daidaita.

A 2003 aka kafa cibiyar Titleist Performance Institute a jihar Kalifoniya domin nazarin alaƙar jiki da salon duka. A yau manyan gasannin Amurka na tafiya da motocin da aka mayar ɗakunan motsa jiki, da likitoci a ciki.

Haƙuri da ciwo ba jarumta ba ce

A 2008, Woods ya ci gasar US Open da tsinkakkiyar jijiyar gwiwar hagu da tsagewar ƙashin ƙwauri. Duniya ta yaba, amma sai da ya yi wata takwas bai sake wasa ba.

Ga mai wasan ƙarshen mako, matakan ba su da tsada: a ɗumama jiki na minti goma kafin dukan farko, a fara da ƙaramin duka, a lanƙwasa gwiwa wajen ɗaukar ƙwallo ko jaka. Idan kuma ciwo ya sauka ƙafa, ko ƙafar ta fara dindiris, a ajiye sanda a nemi likita. Rigakafi dai ya fi magani.