Neman Aiki Tun Kafin a Ajiye Biro

A Indiya, manyan cibiyoyin koyar da injiniyanci da ake kira IIT suna buɗe kakar ɗaukar ma'aikata ranar 1 ga Disamba, kamfanoni su shigo har cikin makaranta su tantance 'yan ajin ƙarshe. A Japan ma ɗalibi yakan riƙe alkawarin aiki a hannu watanni kafin ya kammala, ya kama aiki a farkon Afrilu. Mu a Najeriya abin bai yi wannan tsari ba. Akan shirya taron baje kolin ayyuka a wasu jami'o'i jifa-jifa, amma yawancin bankuna, kamfanonin sadarwa da na binciken kuɗi irin su KPMG da PwC ta intanet suke tallata guraben sababbin masu digiri. Tallar takan fito ta rufe cikin 'yan makonni, kuma galibin sharuɗɗan da ke cikinta ba a ranar ake cika su ba. Tun ɗalibi yana aji ɗaya ko biyu ya riga ya cika su, ko ya riga ya faɗi.

Ɗauki maganar sakamako. Da yawa daga cikin waɗannan wurare ba sa duba takardar wanda bai fita da digiri mai daraja ta biyu babba ba, wato 2:1, wanda a yawancin jami'o'inmu yake farawa daga maki 3.50 cikin 5.00. Ɗalibin da ya gama shekara biyun farko da 2.80 a kwas ɗin shekara huɗu, sai ya riƙa cin kusan 4.20 a sauran biyun kafin ya taɓo layin. Ana yi, amma ba kowa ba. Shekarar da yaro yake ganin ta sabo da makaranta ce, ta zaman majalisa da siyasar ƙungiyar ɗaliban jiha, ita ce take bin sa har ɗakin ganawa.

Sai shekaru. Tallace-tallace da dama sukan ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27. A ganina wannan sharaɗi zalunci ne a ƙasar da malaman jami'a suka yi yajin aikin kusan wata tara a 2020, suka ƙara na wata takwas a 2022, ga shekara guda ta bautar ƙasa a kai. Amma zalunci ko ba zalunci ba, yana nan. Wanda ya bar kwas ɗaya ya maƙale shi ya ƙara shekara, da hannunsa ya rage wa kansa lokaci.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu a Arewa. A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a ta JAMB Muhammad, a katin NIN kuma Muhammed, sunan kaka ya maye gurbin na uba, ranar haihuwa ta sha bamban da wata uku. A gida duk mutum ɗaya ne. A wurin ma'aikacin da ke tantance dubban takardu, mutum uku ne, kuma ba shi da lokacin jin bayani. Gyaran yakan ɗauki makonni ko watanni tsakanin kotu da ofisoshi, don haka a aji biyu ko uku ake yin sa, ba ranar da aka ce a ɗora takardu kafin sha biyun dare ba.

Horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ke kula da shi, shi ne damar da aka fi yin wasa da ita. Kowa ya san yadda ake yi: a sami ofishin kawu, a leƙa sau biyu, a zauna dare ɗaya a cike littafin wata shida da biro kala biyu don kada a gane, a kai a buga hatimi. Maki ya samu. Ranar ganawa kuma a ce, "Faɗa mana wata matsala da ka taɓa warwarewa a wurin aiki," sai kame-kame. Wanda ya tsaya ya yi horon da gaske yana da labarin bayarwa, yana kuma da shugaban da zai tsaya masa shaida.

Jarrabawar tantancewa ba ta da zurfi, sauri take so. Turanci ne, lissafin kashi cikin ɗari da karanta jadawali, sai tambayoyin auna kaifin tunani, agogo yana gudu a gefen allon kwamfuta, kowace tambaya da ƙyar ta sami minti guda. Tsofaffin tambayoyi suna nan a intanet kyauta. A riƙa gwada su da agogo, a kwamfuta ba a waya ba.

A wajen ganawa, sunkuyar da kai da sassauta murya gaban manya tarbiyya ce a wurinmu, amma masu tantancewa sukan ɗauke ta rashin tabbas. Ana iya duban mutum a amsa masa da murya a sake ba tare da an zubar da ladabi ba. A sami abokai biyu a riƙa yi wa juna tambayoyi da Turanci har baki ya saba.

Na san amsar da za a ba ni: sai mai uwa a gindin murhu. Akwai gaskiya a ciki, musamman a wasu ayyukan gwamnati. Amma kamfanin da ke neman riba yana buƙatar wanda zai iya aikin, kuma sau da yawa yaranmu ba faɗuwa suke yi ba, cike fom ɗin ne ba sa yi. Abu ɗaya dai, duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a ba da gurbi, a guje shi.

Ɗalibi, a makon nan ka fito da takardunka ka jera su, ka duba ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai, sannan ka lissafa makin da ya rage maka ka kai 3.50.