Kafin yaro ya bar cibiyar Bulumkutu

A cibiyar Bulumkutu da ke Maiduguri, wadda gwamnatin Borno ke gudanarwa da tallafin UNICEF, ana kula da yaran da aka raba da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai kafin su koma gida. Aiki mafi wuya yana unguwa: zama da bulama (mai unguwa), liman da iyaye, a bar wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya amayar da abin da ke cikinsa. Wasu na ganin zaman ɓarnar kuɗi ne, gara a saya wa yaron keken ɗinki. Keken na da amfani, amma in unguwa ta ƙi yaron, wa zai kawo masa ɗinki? Don haka jagoran zaman na buƙatar Kanuri da Hausa da haƙurin sauraro, kuma kuɗin zaman ya shiga kasafin aikin tun farko.